Shanuna na Cikin Inji

A gidanmu idan an haifi yaro, ranar suna ake nuna karsana a ce tasa ce. Ni ma an ba ni tawa, ja mai farin goshi. Ta yi albarka kuwa, ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Na tashi ina ganin su a rugarmu ta bayan Inkil, ina ji a raina cewa duk ranar da na ga dama zan kora abina in yi gaba, ba wanda zai tare ni. Sai ga shekarar da ciwon huhu ya shiga garke. Baffa, mahaifina ke nan, ya ga kullum sai an ja mushe, ya sayar da abin da ya rage kaf, nasa da nawa, ya tattara mu muka shigo cikin garin Bauchi. Da kuɗin ya sayo injin niƙa daga Jos, ya kafa shi a wata rumfar kwano kusa da kasuwar Wunti. Lokacin gemu bai fito mini ba tukuna, Turawa kuma suna nan da sauransu.

Ni ne ɗan fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama ya yi hira da shi, ba ya ma duban fuskarsa idan da hali. Ni ma ba na ɗaga ido in dube shi. Abin da zai faɗa mini, Goggo yake faɗa wa, yayarsa, wadda ta goye ni, take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ranar da aka gama kafa injin, da yamma, ina bakin zaure ina jin sa ya ce mata, "Gaya wa wancan, shanunsa na cikin injin nan." Goggo ta leƙo ta ce, "Ka dai ji da kunnenka." Na ji. Makiyayi kuma ba ya tafiya ya bar shanunsa, wannan ba sai an faɗa mini ba.

Bari in kwatanta rumfar, domin a cikinta ƙuruciyata ta ƙare. Injin yana kusurwa guda, yana shan gas yana tari. Daga jikinsa bel ya tafi ya kama wata doguwar sandar ƙarfe da ke kwance a kan ginshiƙai biyu, daga sandar kuma wani bel ya sauka zuwa ga dutsen niƙa. Wurin da sandar ke kwanciya a kan ginshiƙi shi ake kira boris. Namu ba irin mai 'ya'ya ba ne. Tagulla ce gida biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, sun rungume sandar, an danne su da murfi da noti biyu, a tsakiyar murfin da ɗan rami na zuba mai. Boris na can nesa ba shi da rigima, in an shafa masa mai da safe ya wadatu. Na kusa da babban bel kuwa shi ne duk jan ke sauka a kansa, shi ne kuma aka ba ni.

Aikina ba wuya gare shi ba, wannan ne ma abin haushin. In zauna a kan kifaffen turmi, gwangwanin mai a hannun hagu, gashin zabuwa a dama. In tsoma, in ɗiga a ramin, in jira kaɗan, in taɓa murfin da bayan hannu in ji ko ya yi zafi, in sake tsomawa. Tun hantsi har bayan la'asar. Ba tashi, ba hira, domin ƙarar ba ta barin magana. Duniya kuwa ina hango ta ta wata ɓula a jikin kwano: ƙafafun mutane, gindin tukwanen mata masu tallan nono, wani lokaci keken ɗan sanda.

Baffa bai taɓa yarda cewa injin ba dabba ba ne. Da farko man shanu ya sa na riƙa ɗiga masa, wai ai ba abin da ya kai shi kyau. Ya narke ya tsiyaye, ƙudaje suka yi mana taro, rumfar ta riƙa ƙamshi kamar ana suyar biki. Da ya ji sandar tana ɗan kaɗawa a cikin tagullar, sai ya ɗauki sufana ya matse notin iya ƙarfinsa. Ya ce wa masu jiran niƙa, ina ji, kaya idan ya yi sako-sako shi ke cin bayan takarkari, don haka sai a ɗaure tamau. Ba a kai azahar ba hayaƙi ya tashi, sandar ta yi wani kuka mai tsinka rai, bel ya zame, komai ya tsaya cik.

Ranar na fara ganin Fita. Haka kowa ke kiransa, da sunan sana'arsa ta gyaran inji a Turance. Basayi ne daga wajen Bogoro, kakkaura, mai yawan dariya, yana gyaran injuna a wata ma'aikatar gwamnati. Ya kawo wa matarsa niƙan dawa ne ya tarar da mu cirko-cirko. Ya sunsuna murfin ya ce, "Baba, wa ya ba shi man shanu? Wannan ba saniya ba ne fa." Baffa ya ɗaure fuska, amma ya ba shi wuri. Fita ya kwance notin, ya kankare tagullar inda ta ƙone, ya sa aka samo gwangwanin madara, ya yanka shi siri-siri da almakashi, ya shimfiɗa 'yan fallayen tsakanin gida biyun don su bar wa sandar sarari.

Yana aiki yana yi mini bayani, da Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce, "Ɗan Fulani, zo ka gani. Sandan nan, in ya yi gudu, ba ya taɓa tagulla ko kaɗan. Yana jawo mai ya shiga ƙarƙashinsa, ya hau kai ya kwanta. Man nan bai kai kaurin fatan albasa ba, amma shi yake ɗauke da kaya duka. In ka matse, mai ba shi da wurin shiga. In kaya ya yi nauyi, yana matse mai ya gudu. Kuma ka sani, lokacin da ƙarfe ke cin ƙarfe shi ne wajen tashi da wajen tsayawa. Yana cikin gudu, lafiya ne."

Wallahi abin ya shiga raina. Ƙarfen da sai mutum huɗu ke ɗagawa, a ce yana shawagi a kan abin da ido ba ya gani. Tun daga ranar nake son sanin cikin injuna, ina son in ga manya, irin waɗanda Fita ke ba ni labari. Amma Baffa abu guda ya tsinta a maganar: tashi da tsayawa ke cin ƙarfe. Shi ke nan, ya yanke cewa in an tayar da safe ba a kashewa sai an tashi aiki. Da muna kashewa da azahar mu huta. Yanzu sai in cika ramin da mai, in yi sallah a gefen ginshiƙi cikin gaggawa, ina tahiya kunnena na wajen sanda. Allah ya yafe mini sallolin shekarun nan, domin rabinsu boris ne ya ci.

An taɓa gwada ɗaukar wani ya riƙa canza ni. Ya yi gyangyaɗi, tagullar ta soyu, muka yi kwanaki ba aiki. Baffa ya ce wa Goggo, bare na iya zuba hatsi, yana iya share ƙasa, amma ba a ba bare igiyar shanu. Ƙannena mata ne, sai auta da ke makaranta. Magana ta ƙare a kaina.

Ran Lahadi in Fita ya taso daga coci yakan biyo, mu zauna bayan an kashe inji, kunnena na ta shuu, shi yana zana mini abubuwa a ƙasa da tsinke. A nan na samo dabarar da na zaci za ta cece ni. Na huda gindin gwangwani, na zura lagwanin fitila, na rataye shi da waya daidai saitin ramin. Man ya riƙa bin lagwanin yana ɗiga da kansa, ɗis, ɗis, ba hannun kowa. Na taɓa murfin, sanyi ƙalau. Na miƙe tsaye da rana tsaka, abin da na manta yadda ake yi, na fita ƙofar rumfa, na ga ashe masu ƙafafun nan suna da fuskoki. Kwanakin nan na sha daɗi. Har rakiya na yi wa wani abokina zuwa Ƙofar Ran na dawo, inji na ta aikinsa.

Baffa ya ga ina tsaye hannuwa a baya. Ya je ya taɓa murfin, ya ji sanyi, ya jinjina kai. Na ɗauka yabo ne. Ba a yi nisa ba sai ga mota ta sauke wani dutsen, na markaɗe, aka ɗaura masa bel a jikin sandar tawa. Ya ce wa Goggo takarkarin da ke tafiya yana kaɗa wutsiya, kayansa bai ishe shi ba. Da aka tayar da duwatsun biyu, jan ya ninka, lagwani ya kasa, murfin ya fara ɗumi. Na koma kan turmi da gashin zabuwa, ina taimaka wa lagwanin. An sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Wani mai hankali da ya haƙura. Ni kuwa taurin kai gare ni, na gado. Na ce in nauyi ne ya yi yawa, a faɗaɗa wurin kwanciyar. Muka je wajen maƙeran fari ni da Fita, suka zuba mana sabuwar tagulla mai faɗin tafin hannu, kusan ninki biyu na tsohuwar. Na zauna na yi ta kankare ta, ina shafa wa sandar shuni ina gwadawa, duk inda shunin ya kama in kankare, har ta kwanta lif. Na fafe mata 'yar hanya a ciki don mai ya bazu. Na yanka fallayen gwangwani da hannuna, na yi ta ƙarawa ina ragewa sai da na sami sararin da take so. Ranar da muka tayar, duwatsu biyu na ci, murfin ya tsaya da sanyinsa. Fita ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan Fulani, hannunka ya wuce rumfan nan." Ban taɓa jin magana mai daɗinta ba.

Da kaka masu shinkafar Fadaman Mada suka zo suna yi wa Baffa kirari, wai matansu sun gaji da sussuka da casa a turmi. Sai ga injin casar shinkafa, na uku a kan sandar. Na tsaya ina kallon ana ɗaura bel ɗin, hawaye na zubo mini, na bar shi a kan ƙaiƙayi ne ya shiga idona. Da hannuna na ɗaure kaina. Duk sararin da na nema wa sandar nan, sai a cike shi da kaya, ni kuma a mayar da ni kan turmi. Na yi fushi da Baffa, fushi na gaske, irin wanda ba ka da inda za ka sauke shi. Wa zan faɗa wa? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba?

A shekarun nan gari ya cika da maganar mulkin kai. Masu niƙa na zuwa da labari, ina karanta rabinsa a leɓunansu, domin kunnena na dama, wanda ke wajen inji, ya riga ya fara mutuwa. Ana kuma maganar layin dogo da ake ja daga wajen Jos zai biyo ta Bauchi. Ana cikin haka Fita ya zo ya ce ya sami aiki wajen masu jan layin, zai riƙa kula da injunansu, an kuma yarda ya taho da mutum ɗaya mai hannu. Ya ce, "Ni kai na faɗa musu. Motan zai tashi daga tasha ran jajibirin 'yancin kai, da hantsi. In ba ka zo ba, akwai ɗan ƙanena yana jira."

Na kai wa Goggo. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka cika son wahalar da tsohuwa." Amma ta kai. Na laɓe a zaure. Na ji Baffa ya ce, "Shanunsa ne. Shi ya san wanda zai bar wa." Bai ƙara ko kalma ba. Bai ce je ka ba, bai ce kada ka je ba. Da ya hana ni da baki, da na sami abin da zan ture in wuce. Goggo dai ta ce ita ta ɗauki wannan a matsayin izini, ta soya mini ƙuli-ƙuli, ta ɗaure mini da riguna biyu a cikin zane.

Satin nan aiki ya yi mana rubdugu. Za a dafa wa 'yan makaranta abinci ranar bikin, gidaje kuma kowa na shirin baƙi. Buhunan shinkafa da masara da dawa sun kai rufin rumfar. Duka ukun na ci ba sassauci, leburori biyu na zubawa, murfin boris kuwa ko da lagwani da gashin zabuwa ɗumi yake yi kamar goshin mai zazzaɓi.

Ran jajibirin na zo da ƙunshina na ajiye bayan ginshiƙi, na tayar da inji, na zauna. Ban san abin da zan yi ba. Na dai ce in lokaci ya yi zan gani.

Sai ga Baffa. A lokacin hakiya ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Tun da muka shigo gari bai taɓa fita ba babbar riga ba, ko a rumfar ma da ita yake zama, a can bakin ƙofa inda yake karɓar masu niƙa, nesa da bel. Ranar kuwa bai tsaya a ƙofa ba. Ya taho yana lalube har inda nake, ya tsaya, fuskarsa na kallon bango, ya miƙo hannu. Na fahimta. Na tashi daga kan turmin, na sa masa gwangwanin da gashin zabuwar a hannu. Ya tattara rigarsa ya zauna a wurina.

Na ɗauki ƙunshina na nufi ƙofa. Ga Fita can tsallaken hanya da akwatin ƙarfe a ka, yana yafito ni. Ga rana, ga mutane ana ta kafa tutoci kore da fari a jikin rumfuna. Ƙafata ɗaya na waje na waiga, don in yi masa kallon sallama tunda ba za a yi ta baki ba.

Ya tsoma gashin, ya ɗiga a gefen ramin. Man ya gangara ta bayan murfi. Ya sake, ya sake kuskurewa. Sai ya sunkuya don ya gani da kyau, hannun rigar ya zamo daga kafaɗarsa ya sauka yana lilo dab da bel. Wurin haɗin bel ɗin nan da ƙusoshin ƙarfe aka ɗinke shi, duk zagaye suna wucewa kamar haƙora. Na san abin da suke yi, na taɓa ganin sun fizge buhu daga hannun lebura sun naɗe shi a sanda kafin ƙiftawar ido. Ni da singileti nake zama a wurin saboda haka. To ɗa zai ce wa ubansa tuɓe rigarka? A gaban leburori da matan mutane? Ko na faɗa ba zai tuɓe ba. Ko ya naɗe ta yau, gobe fa, da jibi?

Ina tsaye haƙoran suka taɓa bakin rigar, suka yage wani ɗan ƙyalle suka tafi da shi. Ya zagaya sama ya dawo, ya sake zagayawa. Baffa bai ko motsa ba, yana ta neman ramin.

Na ajiye ƙunshin. Na koma na tsuguna gefensa, tsakaninsa da bel, na miƙa hannu biyu. Ya daɗe bai ba ni ba. Sannan ya ɗaga murya saboda ƙarar, yana kallon bango, ya ce, "An ce mota na jira." Ni ma na dubi murfin boris na ce, "An ce ta cika." Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi ni da shi. Ya sa mini gashin zabuwar a hannu, ya miƙe, ya lalubi hanyarsa zuwa ƙofa. Na taɓa murfin, ya yi zafin da sai da na janye hannu. Na yi ta ɗiga masa har ya sauko. Da na sami sararin leƙawa ta ɓular nan, ƙafafun Fita ba sa wurin.

Washegari ta ɓular na ga 'yancin kai. Ƙafafun yara ne a jere, wasu da takalmi wasu babu, suna wucewa. An ce suna waƙa, ni dai ban ji ba.

Goggo ta yi mini faɗa kamar ta ari baki. Ta ce, "Ya sake ka, kai ne ka ƙi tafiya. Mutumin da bai taɓa zama a kan turmi ba ya zauna dominka, me kake so ya ƙara yi?" Wataƙila gaskiyarta. Amma na yi shekaru ina juya abin a raina: Baffa ya san haƙoran bel sarai, shi ya biya kuɗin buhun da suka cinye. Shin sakina ya zo yi da iyakar abin da yake da shi, ko ya san cewa in na waiga ba zan iya tafiya ba? Ban tambaye shi ba, ba a tambaya. Ya rasu da amsarsa. Wata rana in na tuna sai tausayinsa ya kama ni, wata rana kuma haushin ya dawo sabo, da tsufana da komai. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi ba da daɗewa ba. Na shige shi sau da yawa daga baya, da tikitina, kamar kowa. Rumfar kuwa ban bar ta ba sai da furfura ta fito mini, lokacin da injuna masu lantarki suka kashe mana kasuwa.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance, jikana ne, ɗan 'yata, wanda ya yi karatun injiniya. Ya zo gaishe ni ya zaro wani zobe na ƙarfe daga jaka, ya ce, "Kaka, ga sana'arka ta zamani." Na kai shi kusa da ido. A cikinsa an shimfiɗa wasu fallaye sirara, na ƙasa a lanƙwashe kamar kwanon rufi, na sama sumul. Na ce wannan ai gwangwanin madara ne aka yanka. Ya yi dariya, ya matso wajen kunnena mai ji, ya ce boris ne, amma ba ya shan mai. In sandar ta yi gudu sosai, iska take jawowa ta shiga ƙarƙashinta, ta hau kai ta kwanta. Fallayen kuma suna lotsawa su ba ta sararin da take so da kansu, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Wajen tashi da tsayawa kaɗai ƙarfe ke taɓa ƙarfe.

Na ce, "Wannan na san shi tun ba a haifi uwarka ba. To wa ke zama kusa da shi?"

Ya ce, "Zama kuma? Ba kowa, Kaka. Rufe shi ake yi a tafi."

Na juya zoben nan a hannuna. Ba nauyi gare shi ba, bai kai gwangwanin man da na riƙe shekara da shekaru ba. Yaron bai lura ba, ya ci gaba da zuba. Wai matsalarsu guda ce, iska ba ta kai mai ƙarfi ba, kaya na yin nauyi sai ta matse ta gudu. Shi ya sa suke ta gwaji, su canza lanƙwasar fallayen, su ƙarfafa nan su sassauta can, su ninka wani kan wani, su shafa wa na saman abin da zai rage cin ƙarfe, duk don ya iya ɗaukar kaya fiye da na yanzu. Ya ce sun kusa dacewa.

Na mayar masa da abinsa, na ce Allah ya ba da sa'a. Ya kai ƙofa na kira shi ya dawo. Na ce, "In kun dace, ya ɗauki kayan bai yi zafi ba, kada ka bari mai injin ya taɓa murfin."